Word ko Google Docs: Wanne Ya Fi Wajen Tace Labari?

Marubuta na yawan tambayar wanne za su riƙa cikin waɗannan manhajojin rubutu biyu. Google Docs kyauta ne, yana adana tarihin kowane gyara, kai da edita kuna iya aiki a shafi ɗaya lokaci guda. Sai dai cin data, kuma labari mai ɗaruruwan shafuka kan sa shi nauyi. Gara a raba shi babi-babi.

Cikakken Word na kwamfuta na kuɗi ne, amma ko babu intanet yana aiki, kuma Track Changes ɗinsa na nuna duk kalmar da aka taɓa. A kula: in an bar harshensa a Turanci, zai ja wa Hausarka jan layi, ya mayar da "i" zuwa "I". Kashe AutoCorrect (mai gyara kalma da kansa) tukuna, ka zaɓi salon haruffa (font) da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ.

Mai rubutu a waya da abokin gyara nesa, Docs ya fi masa. Mai shirin kai littafi maɗaba'a, Word.