Matar da ta ce za ta goge min firgicin hatsari a zama 6

Jama'a, albashina na wata biyu na tura wa matar nan. Wata biyu cur, da hannuna, babu wanda ya tilasta min.

Kada kowa ya ce min wauta na yi, don na bincika. Ta ce da EMDR take aiki, wato wani salon jinyar firgici da ake motsa ido gefe da gefe ana tuno abin da ya faru, na duba na ga akwai shi: Francine Shapiro ce ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin shawarwarinta na 2013 ga masu fama da firgici bayan mummunan abu ya same su. To ina laifina?

Abin da ya kama ni magana ɗaya ce. A kiranmu na farko ta yi shiru, sai ta ce, "Na san tun hatsarin ba ka iya zama a kujerar gaba." Ban taɓa faɗa mata ba. Wallahi sai da na yi hawaye. Har yau muryar nan tana dawo min, "ba ka iya zama a kujerar gaba." Ashe ni na rubuta hakan a Facebook da daɗewa, can ta tsinta.

Rabin kuɗin na tura a daren. A'a, kafin nan ma ta sayar min da wata 'yar fitila mai kai-komo, wai a kalle ta. Sauran rabin bayan zama na biyu ne, ko na uku, na rikice. Duka dai wata biyu.

EMDR na gaskiya matakai 8 ne, ana fara jin tarihinka, a shirya ka, kafin a taɓa ciwon. Ita kuwa ranar farko ta ce in tuno ƙarar ƙarfen motar ina bin fitilar da ido. Minti 20 ta kashe kira, ta bar ni ina karkarwa a ƙasa ni kaɗai. Har cewa ta yi in daina shan maganin da likitana ya rubuta. Allah Ya taimake ni ban daina ba.

Da na nemi lambar lasisinta sai ta toshe ni. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna nan, zan ɗora su.

Ku nemi lasisi kafin ku biya, kuma kada ku ajiye magani sai da izinin likita.

Fitilar tana nan kan tebur. Wata biyu fa.