Takardar CAC ba lasisin raba wuta ba ce, ni dai an ci kuɗina

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Dubu 170. Dubu 85 gidana, dubu 85 gidan Hajiyarmu, ni da hannuna na tura.

Kuma kar wanda ya ce min sakarai ne, mutumin nan da rigar aiki ya zo mai ƙyallin nan, yara biyu na biye da shi da tsani suna rubuta lamba da jan fenti a jikin katanga, wai kamfaninsu gwamnati ta ba unguwarmu, za su kafa sola su sa wa kowa mita mu huta da ɗauke wuta. Na fa tambaye shi takarda! Ya zaro ta daga jaka, ga tambarin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ga lambar rajista ta RC, na riƙe na karanta har ƙasa, sai ya yi murmushi ya ce "Alhaji duk layin nan kai kaɗai ka tambaya." Maganar nan ita ta kashe min jiki, kai kaɗai ka tambaya, a nan na ɗauko waya.

Da lambarsa ta daina shiga, a'a tun kafin nan ma, ranar da ya dawo karɓar na Hajiya wai mitoci sun iso, ɗan yayata mai karatun lauya ya ga hoton takardar ya ce "Kawu wannan ai mai sayar da katifa ma yana da ita." Wai CAC rajistar kamfani kawai take yi. Wanda doka ta sani a matsayin mai raba wa jama'a wuta sai da lasisin NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, ko na hukumar jiha a jihohin da suka karɓi ragamar nasu bayan dokar lantarki ta 2023. Kamfanin raba wuta 11 aka fitar daga PHCN, wato tsohuwar NEPA, kowanne da yankinsa, masu solar unguwa ma akwai izini ko rajistar da suke yi a NERC ɗin. Na ce yaro ne, boko ke ɗibarsa. Na tura dubu 85 ɗin. A asusun mutum fa, ba na kamfani ba, na gani da idona kuma na danna.

Rasit da hirarmu ta WhatsApp duk suna nan, zan ɗora anjima. Hajiya har yau tana tambayata yaushe za a kawo mitar, lambar jan fentin na nan a katangarta.

Duk wanda ya zo muku da maganar wuta ku ce ya nuna lasisi, kar ku tura a asusun mutum. Dubu 170 fa.