Na gwada kayan Cerakote a fitilun motata da suka dusashe

Da yawanmu in hasken mota ya ragu ƙwan fitila muke zuwa canzawa, alhali sau da yawa ƙwan lafiyarsa ƙalau. Murfin fitilar motocin zamani ba gilashi ba ne, wata roba ce mai ƙwari da ake shafa wa kariya tun daga kamfani. Rana ce ke cinye kariyar nan, sai robar ta yi ruwan ɗorawa, ta zama kamar idon da yana ta rufe. Motar da ke yini a ranar Kano, ga ƙurar hunturu tana gogarta, ba ta daɗewa take kai wa haka. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna a 2018, ta tarar fitilar da ta dusashe kashi 22 cikin 100 kawai take bayarwa na hasken sabuwa. Ni da nake bin hanyar Zariya da dare a Corolla ta 2008, wannan magana ce ta rai.

Kwalin Cerakote, wato kayan gyaran murfin fitilar da ya dusashe, ƙanena ya aiko mini. Ba ya bukatar inji ko wutar lantarki, hannu ne kawai da ruwa. A ciki akwai ƙyallaye masu magani na cire dattin da ya kama robar, da samfefa iri biyu, mai lamba 2000 da mai 3000, da ƙyallen shafin ƙarshe, da safar hannu.

Ƙyallen farko kaɗai ya ba ni mamaki. Ina gogawa ya rine, ya koma ruwan ƙasa, wani ruwa mai kauri yana gangarowa kan bamba. Sai na koma samfefa, ina yi ina yayyafa ruwa. A nan ne zuciyar mutum ke tsinkewa, domin in ka wanke ka bar fitilar ta bushe, za ka ga ta yi fari fat, ta fi da muni. Haka ake so ta zama, kada ka tsaya. Abin lura shi ne farin ya yi daidai ko'ina, musamman gefen sama inda rana ta fi duka. Ni can na fi daɗewa, har kafaɗata ta gaji. Ka kuma zagaye fitilar da salatif kafin ka fara, don samfefa ba ta san fenti ba.

Shafin ƙarshe shi ne ya cancanci kuɗin. Sau ɗaya ake bi, layi bayan layi, kuma duk inda ƙyallen ya wuce sai ka hango ƙwan da madubin ciki tas. Wannan shafin shi ke maye gurbin kariyar da ta ƙone, kuma shi ne abin da man goge baki, da wasu ke goge fitila da shi, ba zai ba ka ba. Man goge baki yana kankare sama-sama, fitila ta yi kyau na ɗan lokaci, amma robar tana nan tsirara, ba da jimawa ba za ta koma gidan jiya.

Bayan shafin, kada ruwa ya taɓa ta na aƙalla awa ɗaya. Ka yi aikin a inuwa, inda babu iska, domin ƙura tana manne wa shafin kafin ya bushe. Da hunturu gara ka shigar da motar gareji.

Fitilar da ta tsage, ko wadda ruwa ke shiga ta yi gumi ta ciki, wannan ba aikin Cerakote ba ne, sai bakanike ko sabuwa. Tawa kuwa ta waje ce matsalarta, kuma damina ta wuce a kanta tana nan garau. Yanzu ina hango mai keke a gefen titi da sauran tazarar taka birki.