Etymonline: shafin da ke tono asalin kalmomin Turanci

Duk mai son sanin inda kalmar Turanci ta samo asali, ba ma'anarta kawai ba, ya leƙa Etymonline. Wani Ba'amurke Douglas Harper ne ya kafa shi a 2001, kyauta ne, ba ruwanka da rajista, ka buɗe ka rubuta kalma shi ke nan, kuma ba ya cin data tunda kusan duk rubutu ne. Akwai manhajarsa ta waya amma ni a burauza nake shiga.

Abin da ya sa na ke yabonsa shi ne yadda yake bin kalma tiryan-tiryan da shekaru. Ɗauki alcohol. Kowa ya san giya ake nufi ko sinadarin da ke sa maye, to wallahi da kwalli kalmar ta fara, kwallin nan dai da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido. Daga Larabci ne, al-kuhl, Latin ta ara, ta shigo Turanci wajen 1540 da ma'anar gari mai laushi sosai, sai masu harhaɗa sinadarai suka riƙa kiran duk abin da aka tace aka fitar da tsantsarsa da wannan suna ko gari ne ko ruwa, daga nan aka fara cewa alcohol of wine wato tsantsar ruwan inabi, a hankali aka yar da sauran aka bar alcohol kaɗai, shafin ya ce wajen 1753 wannan ma'anar ta maye ta bayyana. Duk wannan a sakin layi ɗaya fa, kuma a ƙasa zai jero maka dangin kalmar, kana danna ɗaya ta kai ka wata, in ba ka yi hankali ba dare zai raba kana nan.

Haka boycott, sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ayalan da manoma suka ƙaurace masa a 1880. Kalmar nice kuma da can wawa take nufi.

Sai dai fa ba ƙamus ba ne irin wanda ɗan sakandare zai riƙe don WAEC ko JAMB. Shi kansa mai shafin ya faɗa cewa asalin kalma daban, ma'anarta ta yau daban. In kana son sanin yadda ake sa kalma a jimla yanzu gara ka nufi ƙamus na Oxford ko na Cambridge. Turancin bayanin ma yana da ɗan nauyi, ga gajerun haruffa irin su PIE da ba kowa zai gane ba sai ya nemo, ga sunayen tsofaffin harsuna birjik. Kuma ƙarfinsa a tsofaffin kalmomi yake, masu neman Turancin Najeriya su duba babban ƙamus na Oxford, shi ne ya shigar da okada da danfo da Kannywood a 2020.

Malaman Turanci da masu fassara da 'yan jarida su zai fi yi wa amfani. In ka shiga ka gwada sugar da cotton da admiral, duk ta Larabci suka biyo.