Impose da Foist: Ƙaƙabawa Iri Biyu

A Turanci, impose da foist duk ƙaƙaba wa mutum abin da ba ya so suke nufi, amma hanya ta bambanta. Impose ta mai iko ce, a fili take zuwa: haraji, tara, ko dokar kullen korona da aka sa wa Kano a 2020. Ka san wanda ya ɗora maka.

Foist kuwa da wayo take shigowa. Asalinta daga yaren Holan ne, kalmar dunƙulen hannu, irin na ɗan cacan da ya ɓoye abin maguɗi a tafinsa. Ki je Kantin Kwari neman atamfa, wani ya cika ki da "Hajiya, wannan ake yayi", ki dawo gida ki tarar kwantai ya cusa miki, tun wankin farko tana zuba. Wannan foist ce tsagwaronta.