Masu ceto bayanai na Kokomlemle: aiki mai kyau, waya ba ɗauka

Ni ke riƙe wa Kawu lissafin shagon atamfa a Nima, cikin Accra. A daminar bara ruwa ya shiga ɗakin kwamfutocin kamfanin da ke ajiye mana bayanai, sunan duk wanda muke bi bashi kuwa, daga Mamobi har Aboabo, yana can. Wai akwai kwafi. Ashe kwafin a ɗaki ɗaya yake da na asali. Irin haka ta faru a Strasbourg ta Faransa a Maris ɗin 2021, da gobara ta cinye gini guda na kamfanin ajiye bayanai OVHcloud, wasu suka rasa asali da kwafi a dare ɗaya.

Aka haɗa ni da wani ƙaramin ofis a Kokomlemle, kusa da shataletalen Circle. Na yaba musu tun daga yadda suka karɓi faifan kwamfutar da ruwan ya shiga. Ba su jona shi da wuta ba, suka ce shanya shi a rana ma ɓarna ce, domin laka tana bushewa a ciki ta kankare fuskar faifan. Sai da suka tsabtace shi suka kwafe abin da ke cikinsa gaba ɗaya zuwa sabon faifai, a kan wannan suka yi ta aiki.

Suka tambaya me za a fara dawowa da shi. Kawu ya ce littafin bashi, sauran su jira. Da suka gama bai yarda ba, ya kira sunan wata Hajiya da ke saye a Makola, ya ce wa ma'aikacinsu, "Yaro, nawa ake bin ta?" Yaron ya ce, "Alhaji, ga shi," har da ranar da ta ɗauki kaya. Cinikin makonnin ƙarshe dai ya tafi, da saƙonnin MoMo (kuɗin da ake turawa ta waya) da rasit na hannu muka cike giɓin.

Yanzu kwafi 3 gare mu, ciki har da ɗaya a intanet, ɗaya a faifai a shagonmu na Kumasi. Su suka nace da na Kumasin, suna tuna mana 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, intanet ta gagara a Ghana.

Aibinsu, kira goma kafin a ɗauka, kuma kuɗin ya ƙaru a tsakiyar aiki. Wanda zai je ya sa su rubuta farashi a takarda tukuna.