Cibiyar gyaran hali da muka kai ƙanena a Legas: abin yabo da abin gyara

Ga duk ɗan Arewa mazaunin Legas da shaye-shaye ya shigar masa gida, ga abin da na gani a wata cibiyar gyaran hali mai zaman kanta da ke wajajen Ikorodu. Ba zan kama sunanta ba, don rufin asirin ƙanena da iyalinsa, kuma akwai inda zan yi ƙorafi. Sun san aikinsu, kuɗinsu akwai tsada, amma ba su yi tanadin Bahaushe ba.

Ƙanen nawa ɗan acaɓa ne a Ikeja har zuwa watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi 6. Sai ya dawo kasuwar Mile 12, inda nake sayar da albasa, ya kama dako. Wanda ya taɓa sauke buhuna daga tirela da tsakar dare ya san abin da gadon baya yake ji da asuba. Nan aka koya masa tramol mai lamba 225, wai maganin gajiya, alhali wanda likita ke rubutawa 50 ne ko 100. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, jama'a suka ce iska ce. Daga baya likitan cibiyar ya ce mana ƙwayar da kanta tana kawo wannan in ta yi yawa.

Inna ta bugo waya daga gida ta ce a turo shi a kai shi gidan mari. Na ƙi, domin ban manta mutanen da aka fito da su da sarƙa a ƙafa daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba. Na kawo maganar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, wanda ke da sashen masu shaye-shaye, shi kuma ya kafe, ya ce in aka ji an kai shi can, sunan mahaukaci ya bi 'ya'yansa ke nan. Haka muka ƙare a wannan cibiya.

Babu mari, babu bulala. Sun yi masa gwajin fitsari da na jini, suka gaya mana tun farko cewa kwanakin farko za su yi zafi: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. An yi hakan kuwa, ma'aikatan jinya na kansa dare da rana. Ɗakunan da tsabta. Sun ware wa Musulmi wurin salla, ba a tilasta wa kowa shiga addu'ar wani.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne zaman da suke yi da iyali. Mai ba da shawarar, wata dattijuwa Bayarabiya, ta dage sai an zo da matarsa. Muna unguwa ɗaya a Agege da baiwar Allah nan, kullum in na tambaya sai ta ce "Lafiya lau, Yaya." A zaman ne na ji cewa keken ɗinkinta da 'yan kunnen aurenta duk sun tafi wajen biyan bashin da yake ciwowa. Kuɗin cefane a jakar makarantar 'yarsu take ɓoye shi, don nan kaɗai ba ya bincikawa. Yarinyar kuwa, da ba ta wuce aji biyu ba, tana gane yanayin ubanta daga yadda yake buga ƙofa, in ta ji bugun ya yi ƙarfi sai ta ja ƙanenta su shige bayan katifa. Ta koma fitsarin kwance. Wallahi sai da na fita waje na share hawaye.

Dattijuwar ba ta tsaya a ɓarnar da ya yi wa gida ba, ta juyo kan abin da gida yake yi masa. Ta sa ya faɗi da bakinsa: kowane mako ana bugo waya daga gida, taki, magani, biki, shi kuma kunyar ya ce babu ta fi masa nauyin buhu. In ya dawo hannu wofi a yi faɗa, in aka yi faɗa ya fita ya sha, in ya sha gobe babu na cefane. Ta ba mu ƙa'idoji masu wuya. Kada a sake biya masa bashin mai ƙwaya. Taimako ya zama hatsi da kuɗin makaranta, ba tsabar kuɗi a hannunsa ba. A daina ce wa yara Baba zazzaɓi yake yi. A gaya wa Inna gaskiya. Da matar ta ce su kaɗai Allah ya jarraba da wannan, sai ta tuna mata binciken 2018 da ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma kowannensu ɗan wani gida ne.

Ƙorafina babba shi ne harshe. Duk cibiyar babu ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa, a garin da Agege, Idi-Araba da Obalende suke cike da mu. Matar ƙanena ba ta jin Turanci, ni na zama tafinta. To wace mace ce za ta buɗe cikinta gaba ɗaya a gaban yayan mijinta? Na ga inda ta kai bakin magana ta haɗiye, ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi. Na tabbata akwai abin da ya kamata likita ya ji wanda bai ji ba. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne a wurin da maganinsa rabi magana ce.

Sai kuɗi. Abin da suka faɗa da farko bai haɗa da magani da gwaje-gwaje ba, sai daga baya takardu suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Abinci ma teba ce da shinkafa kusan kullum, ya rame kafin ya saba. Bayan sallama suna kira a waya kuma suna ba da ranar dawowa, amma babu wanda ya yi maganar sana'a, alhali mutumin zai koma kasuwar da ake sayar da abin a bayan rumfa. Ni na cire shi daga dako na zaunar da shi wajen awo kusa da ni. Ya taɓa zamewa bayan fitowarsa, da muka koma ba su kore shi ba, ba su kuma ci masa fuska ba, suka ɗora daga inda aka tsaya. Wannan na yaba.

Wanda zai je, ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗi tun ranar farko, har da magani. Wanda ba shi da hali ya fara da Yaba, ko ya kira layin kyauta na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA su nuna masa inda zai nufa. In kuma da matar aure a lamarin, a nemo mata tafinta mace wadda ba dangin miji ba.